Murhun tangaran na gashin nama: toka, ruwa da gaggawa

Makon jiya wani Alhaji aminina, ɗan kasuwa mai safarar kayan gini tsakanin Maraɗi da Yamai, ya aiko yaro ya ce in zo maza, akwai magana. Da na isa sai na tarar da shi zaune bisa tabarma a tsakar gida, hannun babbar rigarsa ta shadda ya babbake, gashin damtsensa ya ƙone, fuska ba annuri. A gabansa ga wani abu mai siffar ƙwai tsaye bisa ƙafafun ƙarfe, ruwa gauraye da toka yana ɗiga daga gindinsa. Ya nuna shi da haɓa, ya ce: "Malam, kai da kake karance-karance, duba mini wannan. Kuɗin raguna biyu na zuba a kansa, ga shi yana neman halaka ni."

Abin nan murhu ne na gashin nama, wanda aka gina da tangaran. Alhaji ya saye shi hannun wani nasara da ya gama aikinsa a Yamai yana sayar da tarkacensa zai koma gida. Nasaran ya taɓa gasa masa cinyar rago a ciki, naman ya yi laushi har ƙashi na zarewa da yatsa biyu, daga ranar Alhaji ya sa rai. Watannin farko komi ya tafi daidai. Da damina ta wuce aka buɗe shi, aka tarar ya yi fumfuna, yaron gida ya wanke shi tas da sabulu da ruwa. Aka hura, ya ƙi zafi. Aka zuba kananzir, nama ya fito da warin fitila. Ranar da abin ya faru kuwa, an yi ta fifita shi har ya yi zafin da ya wuce kima, Alhaji ya rufe ƙofofinsa duka don ya sauka, jim kaɗan ya ɗaga murfi gaba ɗaya. Wuta ta yi tsalle ta kama masa riga. Yaro ya firgita ya sheƙa bokitin ruwa cikin murhun, aka ji ƙas.

Na san da yawa cikinku ba su taɓa ganin irin wannan murhu ba. Amma ya fara shigowa, ta hannun ma'aikacin da ya je ƙaro ilimi Turai, ko ɗan kasuwan da ya gan shi a kantunan Dubai, ko kuwa gwanjon baƙi masu tashi kamar yadda Alhaji ya samu nasa. Tun da kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma kuskure da shi yana iya kai mutum asibiti, ya cancanci mu ba shi shafin wannan mako.

Asalinsa ƙasar Japan ne. Kalmar kamado a harshensu tana nufin murhu, kuma suna da wani iri na yumɓu mai murfi, mushikamado, da suke dafa shinkafa da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, sojojin Amurka da suka zauna can suka riƙa komawa gida da shi, suka mayar da shi abin gashi. A 1974 wani mutum, Ed Fisher, ya buɗe kanti a birnin Atlanta yana sayar da irinsa, daga nan aka samu kamfanin Big Green Egg mai koren murhu. A 2009 wani kamfanin, Kamado Joe, ya fito da nasa ja, yau kuwa masu ƙera shi sun yi yawa, har da na ƙasar Sin. Na farkon yumɓu ne zalla, suna saurin tsagewa. Na yanzu ana gasa su da wuta mai tsanani a masana'anta, a shafe bayansu da sheƙi irin na farantin tangaran. Duk da haka jininsu ɗaya da tanderun gurasa da tukunyar da matan Miriya da na Bubon suke ginawa. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya gane rabin zancen. Kuskuren Alhaji tun daga tushe shi ne ya ɗauke shi kamar rabin gangar ƙarfen mai tsire, wadda ake zuba wa mai, a fifita, a yayyafa ruwa, ba ta ce komi ba.

Bari mu buɗe cikinsa. Akwai babbar tukunya ta waje da murfinta, kowanne an ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe, ɗamarun biyu sun haɗu a baya inda murfin yake lanƙwasawa. A cikin babbar akwai ƙaramar tukunya, ita ce ta wuta, a gindinta an ɗora rariyar ƙarfe mai huji-huji wadda gawayi ke zama a kai. Sama da ita ragar gashi. In ana son gashi na a hankali, sai a sa wani faifan tangaran tsakanin wuta da nama don kada harshen wuta ya taɓa shi. A leɓen tukunya da na murfi an manna wani ƙyalle mai kauri mai jure zafi, wanda za mu kira gammo, shi ke hana iska shiga ta tsakani. Sai ƙofofi biyu, ɗaya a ƙasa wadda iska ke shiga, ɗaya a ƙoli wadda hayaƙi ke fita, da agogon zafi a goshin murfi. Ba inji, ba lantarki. Ƙofofin nan biyu su ne linzami: iska da yawa wuta ta tashi, iska kaɗan ta kwanta. Kowane maƙeri ya san haka daga zugazuginsa. Saboda haka duk lokacin da murhun ya yi gardama, kafin a zargi kamfani ko sammu, a fara tambaya ta ina iska take bi, kuma me ya tare ta.

Ciwon da ya fi kama shi shi ne ƙin zafi. An buɗe ƙofofi duka, an jira rabin awa, agogo ya tsaya wajen digiri 150 ya ƙi motsi. Mafi yawan lokaci toka ce. Hujojin rariyar nan ƙanana ne, toka da ɓarɓashin gawayi suna toshe su, sai wuta ta zama kamar mutumin da aka toshe wa hanci. Mun kwashe na Alhaji, muka tarar ba hujin da ya rage a buɗe, tokar ma ta sha ruwan wanki ta daskare kamar laka. Ƙa'ida ita ce, kafin kowace hurawa a motsa tsohon gawayin da sanda har tokarsa ta zube ƙasa, a tsokane hujojin da waya, a jawo tokar ta ƙofar ƙasa a zuba a bokitin ƙarfe. Bayan an ƙone buhu ɗaya ko biyu, a fitar da kayan ciki gaba ɗaya, a share tokar da ta maƙale tsakanin ƙaramar tukunya da babba, domin nan ma hanyar iska ce. Wajen mayarwa akwai abin da mutane ke mantawa: ƙaramar tukunya tana da baki a gindinta, dole bakin ya dubi ƙofar ƙasa sak. In ya karkace, ko an share toka ƙal, wuta ba za ta yi ƙarfi ba.

Gawayin kansa yana da nasa laifi. Buhun da muke saye a kasuwa, kowa ya sani, samansa manya ne, gindinsa gari da yashi har da tsakuwa. Wanda ya juye buhu kai tsaye cikin murhu ya toshe shi da hannunsa. A zazzage shi a ƙasa, a tsince, a jera manya a gindi, matsakaita a kai, garin a bar wa mai shayi. Gawayi mai kyau in an buga guda biyu sai su yi ƙara siririya, in an karya kuma cikinsa yana sheƙi. Wanda cikinsa ya yi ja-ja bai gama ƙuna ba, itace ne da baƙar riga, zai cika murhu da hayaƙi mai ɗaci. Wanda ya sha raɓar damina a shanya shi wuni guda. Maƙera sun daɗe da sanin cewa na ƙirya ya fi riƙe wuta, amma ƙirya tana ƙarewa a dazuzzukanmu, ba kuwa ni zan tura kowa ya sa a sare ta don cinyar rago ba. Abin da zan iya faɗa don kare murhun shi ne ba shi da ci. Cika ɗaya tana iya riƙe ƙaramar wuta fiye da awa 12, kuma in an gama aka rufe ƙofofi biyu, wutar ta mutu da kanta, ragowar gawayin yana nan don gobe. Rabin ganga kuwa sai ta cinye abin da aka zuba mata duka.

Iri biyu ne ban yarda a sa ba. Na farko ƙananan gawayin kanti masu kamawa da ashana ɗaya, waɗanda mata ke turare da su, domin an gauraya su da sinadarin da ke sa su saurin kamawa. Na biyu gawayin ƙasa irin wanda ake haƙowa a Anu Araren ta wajen Cirozerin. Yana da amfaninsa ƙarƙashin tukunya mai murfi, yana kuma rage saran itace, amma yana ɗauke da farar wuta, nan kuwa nama da hayaƙi a ɗaki ɗaya suke kwana.

Batun hurawa gajere ne. Kananzir, isansi da leda, babu ko ɗaya. Cikin tangaran ba a shafe yake ba, yana shan abu kamar yadda randa ke shan ruwa, kuma abin da ya sha zai yi ta amayar da shi cikin nama makonni. A murɗe takarda a ɗiga mata man gyaɗa, ko a ɗebo garwashi biyu uku daga murhun ɗakin girki a binne a tsakiyar gawayin. Minti goma murfi a buɗe, sa'an nan a rufe.

Ciwo na biyu kishiyar na farko ne, wato zafi ya haura ya ƙi sauka, kuma shi ne ya fi ba sababbin hannu haushi. Bangon murhun yana da kauri, in ya sha zafi ba ya sakinsa da wuri. Hawa minti kaɗan ne, sauka kuwa sai a yi awa ana jira. Dabarar ita ce a tare shi tun yana hanya, kamar direban babbar mota da ke taka birki tun kafin ya iso kwana. In ana neman digiri 120, da agogo ya kai wajen 90 sai a rage ƙofofi, ta ƙasa a bar kamar faɗin ƙaramin yatsa ko ƙasa da haka, ta sama a bar ƴar tsaga. Duk gyaran da aka yi a ba shi minti goma zuwa sha biyar kafin a sake taɓawa. Mai garaje yakan buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, wuta na hawa da sauka, ya ce murhu ya lalace. Kuma kada a sa nama da zarar allura ta nuna lambar da ake so. Iskar ciki ce ta yi zafi, bango bai yi ba tukuna. A ƙara masa rabin awa ya daidaita.

Yanzu ga abin da ya ƙone rigar Alhaji, ina roƙon a karanta wannan sau biyu. In wuta ta yi ƙarfi sa'an nan aka rufe mata ƙofofi, ba ta mutu ba, yunwar iska take ji. Gawayin yana ta fitar da tururi mai kamawa wanda bai sami iskar da zai ƙone da ita ba, yana taruwa ƙarƙashin murfi. Ana ɗaga murfin gaba ɗaya, iska ta faɗa ciki, tururin ya kama lokaci guda ya yo waje, daidai inda hannu da fuska suke. Maganinsa ba ya cin ko dala. Duk lokacin da zafi ya wuce digiri 150, a fara buɗe ƙofofin biyu na ɗan lokaci, a tsaya a gefe, a ɗaga murfi kamar faɗin yatsu biyu a mayar, a yi haka sau uku ko huɗu, sa'an nan a buɗe. A koya wa yaron gida da uwargida da duk mai taɓa shi. Waɗanda suka rubuta takardar bayanin murhun ba su san babbar riga da gyale ba, shi ya sa ba su ambace su ba. Ni na ambata: a tuɓe, ko a naɗe hannu sosai.

Wani lokaci an bi duk ƙa'ida, zafi ya ƙi zama ƙasa, ko kuma an rufe ƙofofi da dare da safe a tarar gawayi ya cinye ƙurmus. Wannan iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. A duba leɓen murfi sa'ad da wuta ke ci. In hayaƙi na fita ta nan, ko gammo ya cinye, ko murfi ya goce. Ana gwadawa da takarda: murhu a sanyaye, a sa tsinken takarda a leɓe, a rufe, a ja. In ta zare salin-alin, wurin ba ya kamawa. A gwada gaba da baya da gefe biyu. In gammon da sauransa, ɗamara ce ta saki, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, kusoshi su yi sako-sako. A ɗan kwance su da sifana, a daidaita murfi bisa tukunya, a ɗaure tam. Aikin mutum biyu ne, don murfin yana da nauyi, kuma mahaɗinsa na baya yana da ƙarfen da ke ja da ƙarfi. Ko ba abin da ya faru, a riƙa duba kusoshin nan sau biyu a shekara. Ɗamara in ta saki sosai, murfi yana iya suɓucewa ya faɗi ƙasa, daga nan kuma sai ta'aziyya.

Gammo kuwa abin ƙarewa ne kamar tayar mota, shekara biyu ko uku ga mai yawan gashi, ƙasa da haka ga mai son babbar wuta. A kankare tsohon, a goge leɓen har maiƙo ya fita, a manna sabo, a rufe murfi a bar shi kwana ɗaya, kuma gashi biyu ukun farko kada a wuce digiri 175 don mannin ya kama. Matsalarmu a nan ita ce samunsa. Kada a yarda da robar taya ko guntun bargo, za su narke su manne murfin. Kada kuma a karɓi tsohuwar igiyar amiyant da wani makanike zai ce tana jure wuta. Tana jurewa, amma ƙurarta tana lalata huhu, ba abin kusantar abinci ba ce. Gammon gaskiya naɗi ne ɗan ƙarami da zai shiga aljihun jaka, a ba matafiyi saƙo.

Agogon zafi ma yana ƙarya. A zare shi, a tsoma bakinsa cikin ruwa mai tafasa. A garuruwanmu ya kamata ya nuna wajen 99. In ya kauce, akwai kusa a bayansa da ake murɗawa allura ta dawo. Wanda nasa ya zo daga Amurka ya lura, lambobinsu na Faranhait ne. A cire 32, a ninka da 5, a raba da 9. Wato 212 nasu shi ne 100 namu, 250 shi ne 121, 350 kuwa 177. Na ga mutumin da ya karanta 250 a littafin girkinsu ya kai murhunsa 250 namu, ya mayar da kafaɗar rago gawayi.

Mu zo ga ƙarar da aka ji. Uwayenmu ba su taɓa zuba ruwan sanyi cikin tukunyar ƙasa da ke kan wuta ba kowa a cikinta, sabuwar tukunya ma a hankali suke saba mata da wuta. Dalili ɗaya ne. Inda ruwa ya taɓa yana tsukewa nan take, sauran jikin yana buɗe, sai ya tsage. Wutar murhun nan ba a kashe ta da ruwa, ana rufe mata iska ne. Tsaguwa kuwa iri uku ce, ba duka ke sa kuka ba. Siraran zane kamar saƙar gizo a sheƙin waje ba komi ba ne, fata ce kawai. Tsaguwar ƙaramar tukunya ta ciki ita ma da sauƙi, tun da ita ke shan baƙar wuta. Masu ƙera ta ma sukan bar mata tsaga da gangan, wasu kuma su yi ta gunduwa-gunduwa don ta sami wurin motsi. Muddin tana tsaye tana riƙe da rariya, a ci gaba da aiki. Wadda ke da haɗari ita ce ta babbar tukunya ko ta murfi, wadda ta ratsa daga ciki zuwa waje. Ƙarama ana iya cike ta da siminti mai jure wuta. Simintin gini, ko da Alhaji yana da shi tuli a shago, ba ya yi, rugujewa yake. In ta yi tsawo har ta kewaya, a haƙura da murhun, domin tukunya cike da garwashi in ta rabe biyu a tsakar gida mai yara ba ƙaramin abu ba ne. Alhaji ya yi sa'a, ta ciki ce ta tsage.

Fumfunar da ta fara jawo wannan duka, ba sabulu ke maganinta ba, balle ruwan jabel. Maiƙo da laima ne aka rufe su tare tsawon damina. A cika gawayi, a hura ƙaramar wuta ta awa guda don laimar da bango ya sha ta fita a hankali, sa'an nan a buɗe ƙofofi a kai shi wajen digiri 300, a riƙe rabin awa zuwa awa. In ya huce a goge da busasshen buroshi. Wannan ƙuna tana cin gammo, don haka sau biyu ko uku a shekara ya isa. In za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a kwashe toka, a bar ƙofofi a ɗan buɗe, a ajiye shi ƙarƙashin rumfa. Ƙofar sama in ta daskare da maiƙo, kada a buge ta da guduma, da murhu ya yi ɗumi za ta saki.

Hunturu yana zuwa da nasa. Iska in tana bugun ƙofar ƙasa kai tsaye, zugazugi ce, a juya murhun ya ba ta baya. Amma babban abin tsoro a lokacin sanyi shi ne wani ya ga murhu yana riƙe ɗumi har asuba ya ce a shigar da shi ɗaki ko gareji. Gawayin da ke ci da ƙarancin iska yana fitar da gubar da likitoci ke kira monoksid na karbon, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya farkawa. Murhun da aka gina don ya ci wuta da iska kaɗan yana haifar da ita sosai. Wurinsa fili ne, nesa da zana da rumfar kara, kuma kada gindinsa ya zauna kai tsaye bisa katako.

Game da hayaƙi, a jira farin nan mai kauri na farko ya wuce, sai ya koma siriri da ƙyar ake ganinsa, sa'an nan a sa nama. Guntu biyu ko uku na busasshen itacen mangwaro ko gwaiba sun isa. Katako mai fenti da ragowar akwatin kaya, a'a. Sai kuma a tuna cewa littattafan Amurka an rubuta su ne don naman shanun da aka turke da hatsi, mai kitse a tsakanin tsoka. Dabbarmu ta yi tafiya, namanta tsoka ce. In an bar ta awa goma tsirara za ta bushe. A sa kwanon ruwa bisa faifan, kuma in zafin cikin naman ya kai wajen 70 ya tsaya cik, kada a ƙara wuta. Ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi, kamar gumi. A naɗe shi a takarda mai tsabta, dabarar da masu balangu suka riga kowa sani, ko da yake su da takardar buhun siminti suke yi, a mayar har ya kai 90 da ɗoriya. Kaza kuwa kada a sauke ta ƙasa da 74. Yajin ƙuli-ƙuli a bari sai kusa da ƙarshe, yana saurin ƙuna. Kilishi dai a bar wa mutanen Madawa da rana, domin murhun nan riƙe laima yake yi, kilishi kuwa bushewa yake so. Haka ragon layya da ake banƙarewa a jikin itace kewaye da wuta. Ragar babban murhu irin wanda aka fi saye faɗinta wajen santimita 46 ne, cinya ko kafaɗa take ɗauka.

Ƙanen Alhaji, da ya ga muna ta fama, ya ce shi tunaninsa ya yi odar guda goma ya gwada kasuwa. Na ce masa ya yi lissafi da kyau. Irin wannan girman nauyinsa ya haura kilo 70, abin fashewa ne, daga tashar jirgin ruwa ta Lome zuwa Yamai kuwa ya fi kilomita 1000 bisa hanyar da kowa ya san halinta, ga kuɗin duwan. Lamunin da manyan kamfanoni ke bayarwa bisa tangaran na wanda ya saya da farko ne hannun dillalinsu, mai gwanjo ba ya ciki. Wanda zai kawo goma, ya kawo gammo talatin da ƙananan tukwane da rariya, in ba haka ba shekara biyu masu saye za su cika masa shago da ƙorafi. A ganina ma ribar tana wani wuri. Maƙeri yana iya ƙera kwandon gawayi da sandunan ƙarfe ya maye gurbin rariya, muddin ba ƙarfe mai tutiya ba ne, don hayaƙin tutiya guba ne. Kuma da ni ne, da na ɗauki fasasshiyar ƙaramar tukunya na kai Miriya na ce a gina mini irinta. Ba za ta yi ƙarkon ta masana'anta ba, amma in ta tsage jika nawa ce?

Na Alhaji dai mun bar shi kwana uku a rana ya bushe. Muka mayar da ƙaramar tukunya da tsagarta, muka daidaita bakinta da ƙofa, muka ɗaure ɗamara. Sai da aka ƙone shi sau uku ba nama kafin warin kananzir ya bari. Ran Lahadi aka sa kafaɗar tunkiya da hantsi, aka sauke bayan la'asar, allura ba ta wuce 125 ba. Gammon gefen hagu yana ɗan fitar da hayaƙi har yanzu, an ba wani mai zuwa Dubai saƙo. Da zai buɗe murfi na ga Alhaji ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa yaro, ya koma gefe, ya ɗaga kaɗan ya mayar har sau biyar.